Ludayin Gwaggo Sukhiya a Hannun Hagu

Zuwa ga Sarauniyar Murhu, Gimbiyar Dutsen Niƙa, wadda ƙamshin girkinta ke sasanta maƙiya, Gwaggona Sukhiya ta garin Ara.

Bayan taɓa ƙafafunki masu albarka, ɗan ƙanenki Girdhari, ƙaramin mai zane a Patna, yana rubuto miki kansa a sunkuye. Labari ya iso ni cewa hotonki da na zana, wanda wani mai shagon tufafi ya rataye a kasuwarku, ya nuna ki kina zuba wa baƙi miyar wake da hannun hagu, har gidan da suka kira ki girkin biki sun ce a dakata. Ki sanar da jama'a cewa a kan faifan abarak, wani siririn dutse mai sheƙi, na yi zanen, shi kuwa ana ganinsa gaba da baya kamar gilashi. Mai saka shi a katako ne ya juya shi, dama ta koma hagu.

Bawanki mai nadama,
Girdhari

Girdhari,

Ka yi tsawon rai. Na rufe fuska na je na ga hoton. Ƙaryarka ba ta nuna ba, ɗanya ce. Ɗan kunnen hancina yana hagu, inda kowace mace ke sa nata. Da an juya faifan, da ya koma dama. Uwar angon gidan bikin ba makauniya ba ce, jibi za ta je ta duba da kanta.

Abin da ka gani ka zana. Bahaguwa aka haife ni. Kakarka ta ɗaure min hannun nan da tsumma har na koyi dama, shekara arba'in ko mijina bai sani ba. Sai in ni kaɗai ce a madafa nake barinsa ya ɗauki ludayi. Kai ka leƙo ta ƙofa, na ce, "Me kake kallo, sarkin surutu?" Ka ce hayaƙi. Baƙin ma ƙara su ka yi, ban taɓa zuba wa baƙo da shi ba.

Tun ranar da aka rataye hoton, kunya ba ta bar ni na je rijiya ba.

Gwaggonka

Gwaggo,

Manyan kalmomina sun gudu sun bar ni. Na karanta wasiƙarki. Da asuba na hau jirgin ruwa zuwa Ara, na roƙi mai shagon ya ba ni hoton in gyara launi. Na kankare ɗan kunnen, na mayar da shi dama. Uwar ango ta zo ina wurin, ta juya faifan, ta ga ludayi a dama, ɗan kunne a hagu, ta ce masu zanen Patna duk jakuna ne. Na amsa da cewa gaskiyarta.

Na zo har bakin lungunku, na juya ban shiga ba.

Saura batu guda mai girman gaske. Tulun yajin mangwaron da kike aiko min duk bazara bai iso ba. In hukunci ne, na karɓa. In mantuwa ce, a cika shi har wuya, da kowane hannu ya sawwaƙa.

Jakinki,
Girdhari