Ƙaron da Sitti Ta Goga Mini

Laraba da dare, unguwar Utaibiyya

Kwana shida ke nan sabon cello ɗina, babban gogen nan na Turawa, yana bayan ƙofa, lulluɓe da tsohuwar abaya, don kada kakata Sitti ta gani. Na san ra'ayinta a kan kiɗa a garin nan. Sai ta tafi Harami nake ciro shi in bi darasi a waya, amma in na ja izgar a kan tsirkiya ba abin da ke fita sai huci. Har na fara zargin hannuna.

Yau cunkoso ya dawo da ita da wuri, ta same ni da shi tsakanin gwiwoyi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta karɓi izgar ta shafa.

"Ya binti, wa ke goge ba ƙaro?"

Ashe ɗan dunƙulen nan mai kama da alewa da ke cikin jakar, shi ake goga wa izgar. Da hannunta ta goga. Wai babanta da goge ya ci abinci a Katsina kafin ya taho hajji a ƙasa. Ban taɓa ji ba.

Na ja, ɗakin ya amsa. Ta ce in an kira salla in ajiye, ta fita. Amma ba ta rufe ƙofar ba.