Zaren Inna da Kalmar Spin

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara, a makwancinta na Bande.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ɗiya ga uwa, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. Mu nan Magariya lafiya lau muke. An gama girbi, gero ya yi kyau a gonar Yaya Sani, wake ne dai bai yi auki ba bana.

Shekara uku ke nan da rabuwarmu. Akwai maganar da na riƙe a ciki tun ranar, kunya ta hana ni faɗa ko da a addu'a. Yau zan faɗa miki, amma ki yi haƙuri in fara daga lakwal, makarantar da nake aiki, don daga can ta taso.

Kin san Ingilishi nake koyarwa a kolej, harshen da kike cewa na mutanen tsallaken iyaka ne. Watannin baya ina karanta wa 'yan aji biyu wani darasi, sai muka ci karo da wata 'yar gajeriyar kalma, spin. Na gaya musu ma'anarta juyawa da sauri a wuri ɗaya, kamar ƙafar amalanke idan an ɗaga ta an kaɗa, ko fanka, ko yaro ya buɗe hannuwa yana hajijiya a tsakar gida. Na ce musu idan jiri ya ɗebi mai wannan harshe, da ita yake cewa kansa na juyawa. Suka rubuta, aka buga ƙararrawa, suka fita.

Ni ban fita ba. Na zauna na buɗe babban ƙamus don in shirya darasin gobe, sai na tarar da abin da ban taɓa sani ba. Ashe tun asali kalmar ba juyawa take nufi ba. Kaɗi take nufi, Inna. Jan zare daga auduga ko gashin tumaki ana murzawa. Matansu na dā ma da mazari suke zama kamar ke. Daga baya ne, saboda yadda mazari ke wulwulawa, suka ara wa duk abin da ke juyawa sunan. Har gizo-gizo daga wannan tushe suka raɗa masa suna, wai shi makaɗin zare ne. Wanda ya zauna yana ta jan dogon labari ma, a wurinsu zare yake kaɗawa.

Ajin ya yi tsit, rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan tebura. Na dubi yatsuna fari fat da alli, sai na ga ba nawa ba ne, naki ne.

Na gan ki a gindin darbejiyar gidanmu bayan la'asar, kin miƙe ƙafa a tabarma. Taskira a gefenki cike da audugar da kika tsinko daga 'yan itatuwan bayan ɗaki. Ki dangwali alli, ki murza mazari, ki ɗaga hannun hagu sama a hankali, zare ya biyo ki siriri kamar daga iska kike jawo shi. Gululun ƙasan mazarin yana wani ɗan sauti mai kama da na ƙudan zuma daga nesa. Sau nawa wannan sauti ya sa ni gyangyaɗi a kan cinyarki, ina kallon ganye yana motsi, ina jin kamar gidan ne gaba ɗaya ke juyawa, ke kaɗai ce a zaune.

Kusa da ke kullum akwai ƙawarki Iya Tabawa ta gidan maƙera, ita da nata mazarin. Ita surutu, ke shiru. Takan ce zarenki ya fi nata ne don bakinki ba ya aiki.

Kin so ki koya mini. Na gwada sau biyu, zaren ya tsinke, na ce ni 'yar lakwal ce, wa ke sa saƙi a zamanin atamfa. Ba ki yi faɗa ba. Kin karɓi mazarinki kika ce, "To, je ki kaɗa naki a takarda."

Shekarar da ƙafafunki suka fara kumbura, na zo Bande ran Juma'a. Kika sa na jawo tsohuwar kwallar nan mai murfi daga ƙarƙashin gado. Cike take da dunƙulen zare, fari sol, aikin rani huɗu. Kika ce likkafaninki ne. Mahaifiyarki da saƙin zaren hannunta aka rufe ta, ke ma haka kike so, ba da yadin kanti ba. Masaƙan Bande duk sun mutu ko sun bar sana'ar, amma kin ji akwai wani tsoho a wajen Dantchiao. Kika ce in kai masa.

Na ce miki to, amma cikin raina ban so ba. Gani nake idan na kai zaren kamar na yarda za ki tafi ne. Na ɗora kwallar a bayan babur ɗin kabu-kabu na kawo ta Magariya, na tura ta bayan sif. Duk zuwan da na yi sai kin tambaya. In ce jarrabawa ta riƙe ni, in ce hanya ta ɓaci da ruwa, in ce sai an yi hutu. A zuwana na ƙarshe ba ki tambaya ba, kin dai dube ni kin yi murmushi, kika ce in gaida mijina.

Da damina ta yi tsakiya Yaya Sani ya kira ni da hantsi. Kafin in iso an riga an yanko farin yadi daga kasuwa. Ina tsaye aka naɗe ki a ciki. Ba wanda ya san zancen kwallar sai ni da ke, ni kuwa na ja bakina.

Wannan ita ce maganar, Inna. Kin ba ni saƙo ɗaya tak a rayuwarki, ban isar ba.

Ranar da na karanta asalin kalmar nan, da na koma gida ko lulluɓi ban cire ba na jawo kwallar. Zaren yana nan, ko gara ba ta taɓa shi ba, yana ƙanshin ɗakinki. Ran Asabar na hau mota zuwa Dantchiao, daga can na yi tambaya har aka kai ni wani ƙauye da ke bayan gonakin gyaɗa. Tsohon yana raye, Baba Idi sunansa. Idonsa ya yi rauni, kayan saƙarsa na rataye a rumfa sun yi shekaru ba a sauke ba. Da fari ya ce ya daina. Na dai miƙa masa dunƙule ɗaya. Ya ja zaren tsakanin yatsunsa, ya kai shi kusa da kunne ya ɗan tsinka, sannan ya tambaye ni:

"Mai wannan hannu tana nan?"

Na ce kin riga mu.

"To, ba a barin irin wannan a kwano. Ki dawo bayan sati shida."

Da na koma, ya miƙo mini ƙyallaye sirara dogaye, ya haɗa su da allura da kansa. Fari ne mai laushi, da ɗan tudu nan da can inda kika ƙulla zare. Na riƙe shi a mota har Bande ban san abin da zan yi da shi ba, tunda mai shi ta tafi.

Gidan Iya Tabawa na nufa, don ita kaɗai za ta gane. Na same ta kwance, ta rame ƙwarai, amma bakin yana nan. Na durƙusa na gaya mata komai, har ƙaryar jarrabawa da ta ruwan sama. Ta shafa saƙin, ta bi ƙulle-ƙullen da yatsa, tana cewa wannan ranar da akuya ta shigo ta kifar da taskira ne, wannan kuwa ranar da aka zo miki da labarin haihuwar jikanki na fari. Ban sani ba ko da gaske take tunawa. Ta ce ke ba mai riƙo ba ce, da kina da fushi da zarenki bai yi santsi haka ba. Sannan ta jawo saƙin ta ɗora a ƙirjinta.

"Bar mini shi, Ladi. Ni ma na kusa. Idan na je zan nuna mata, in ce ɗiyarki ta kai saƙo, latti kawai ta yi."

Ranar Talatar da ta wuce Allah Ya yi mata rasuwa. Ina cikin matan da suka yi mata wanka. Da hannuna na warware saƙin, ya ishe ta daga kai har ƙafa. An kwantar da ita a gabas da ke, kabari huɗu tsakaninku, in ji Yaya Sani.

Don haka idan kin ji surutu ya ƙaru a wajenku, kin san wadda ta iso. Ki duba abin da ta zo da shi, Innata, ki yafe mini.

Allah Ya jiƙanki, Ya jiƙan Iya Tabawa, Ya yalwata muku makwanci, Ya sanyaya muku ƙasa. Allah Ya ƙara wa Baba Idi lafiya da hasken ido. Idan tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani, Ya sada mu a inuwar da ba a tashi. Amin.

Taki har kullum,
Ladi