"Wai" ɗin da Dakta Ya Cusa Min

Laraba, bayan isha'i, Madabo

Har yanzu raina a ɓace yake. Yau Dakta Sabo, mai duba kundina, ya dawo min da babi na uku ya sha jan biro. Inda na rubuta cewa Shehu ya yi addu'a rijiyar zawiyarmu ta kawo ruwa, ya cusa min "wai" a farkon jimlar. Ya ce, "Malam Nasiru, nan jami'a ce. Kai ɗan ɗariƙa ne, ba ka iya kallonta daga waje."

Da gaskiyarsa, ba a kan idona aka yi ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne na karanta nasa kundin da ya yi a kan ƙungiyarsu. Daga bango zuwa bango babu "wai" ko ɗaya. Abin da malaminsu ya faɗa hujja ne, namu kuma ji-ta-ji-ta.

Bayan magariba na yi wautar nuna wa Kawu Bala gyaran, shi da yake tsaye a bakin rijiyar ranar da Shehu ya yi addu'ar. Ya cire tabarau ya ce, "To ni ne maƙaryacin ke nan, Nasiru?" Ko shayinsa bai ƙarasa ba ya tashi.

Na bar "wai" ɗin, don ina son in gama. Amma gobe da ruwan rijiyar nan zan yi alwala, sannan in kai wa Dakta kwafin nasa kundin, da jan biro a ciki.