Tofi a Bakin Bututun Baba

Zuwa ga Yaya Habu a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinka, yaya su Hajara da yara, yaya kasuwa? Allah ya sa duk kuna lafiya.

Bayan haka, an sallamo Baba daga asibitin Kano, yana gida Rogo. Ɓarin jikinsa na dama har yanzu a shanye yake, ba ya magana, kuma ta bututun azurfar da likita ya sa masa a maƙogwaro yake numfashi. Kullum nakan zo daga Karaye in wanke bututun da tafasasshen ruwa, yadda aka koya mana a makarantar disfensa, ta masu ba da magani.

Masu dubiya ne damuwata. Kowa ya gama addu'a sai ya sunkuya ya tofa a wurin ciwo, wato bakin bututun, alhali ta nan ƙwayoyin cuta ke zarcewa huhu. Ba zan rantse tofin ne sanadi ba, amma zazzaɓi ya kama shi, majinarsa ta koma koriya. Na fara masa allurar fenisilin. Zafin ya ragu, ban dai ce ya warke ba.

Da na tare Gwaggo Asabe za ta tofa a bututun, sai ta ce, "Salisu, bokon naka har ya kai ga hana addu'a?" Baba ne ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya miƙa mata tafinsa. Ta tofa a ciki tana hawaye, ya shafa a goshi. Yanzu haka kowa ke yi.

Ka gaida mutanen zango, ka roƙe su su sa Baba a addu'a. Taku ta nesa ce kaɗai ba na tsayawa gadinta.

Ƙaninka,
Salisu