Kada A Tsayar Da Issufu A Katanga

Zuwa ga Mushe Darakta, babban malamin lakwal, makarantar bokon da ɗana yake,

Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni mace ce daga Kwaya, karatuna kaɗan ne, a yi haƙuri da rubutuna. 'Ya'yana maza biyu aka ɗauka lakwal da umarnin Kumandan mai mulkin yankinmu. Ɗaya ya rage.

Na ɗaya. A daminar bara, ranar Lahadi, kuka haɗa yaranku wasan balo, wato ƙwallon ƙafa, da sojojin bariki. Su da takalma, yara ƙafa a ƙasa. Aka ce yara sun yi laifi, alƙalin wasa ya ba wani soja bugun nan da kuke kira kufaran. Aka jera yara a gabansa kamar katanga, ɗana na fari a tsakiya. Balon ta fata ce, ta sha ruwa ta yi nauyi. A ƙirji ta same shi. Kafin in iso daga Kwaya an rufe shi.

Na biyu. Abokansa sun faɗa mini dokarku: hannu a baya, wanda ya sunkuya ko ya kauce ya sha bulala. Yaron nan bai taɓa yi wa babba gardama ba. Yana kallon balon tana zuwa, ya tsaya. Na yarda da ƙaddara, Mushe, amma dokar nan mutum ne ya kafa ta.

Na uku. Yanzu na ji an sa ƙanensa Issufu cikin 'yan wasa, kuma sojojin za su dawo bayan an cire gyaɗa. Issufu bai kai wansa jiki ba, ga tari. Shi ma in an ce ya tsaya, zai tsaya. Duk wanda ya ɓullo ta hanyar gari ya nufo ƙofata, sai in ɗauka mugun labari ya kawo mini tun bai yi sallama ba.

Roƙona, a cire shi daga katangar. In ba zai yiwu ba, a bar yara su kare ƙirjinsu, a bar su su kauce ba bulala. Allah ya raya maka naka, ya tsare ka da ganin abin da na gani.

Ɗan fari ne, don kunya ban taɓa kiran sunansa ba yana raye. Yau zan rubuta, don ka tuna shi ranar da za ka jera yara: Mamman.

Wassalam.
Mahaifiyarsu, daga Kwaya.