Ƙwaryar Fura a Kujerar Nana

Damagaram, Lahadi, ƙarfe biyar saura kwata na yamma.

Yaya Mariama, ina gajiya, ina zaman Yamai? Yaya maigida?

Jiya mun je garin Droum da 'yarki Nana. Na ɗaure ta a kujerarta ta mota yadda kika nuna mini. Da ta fara kuka, Inna ta kwance ta, ta ce, "Jikata ba rago ba ce da za a ɗaure ta." Ta ɗora ta a cinya, ta ɗaure ƙwaryar fura a kujerar. Baba na tuƙi yana dariya. Tun tafiyarki ba mai goyon bayana a gidan nan.

Mun dawo lafiya. Ban sani ba ko Inna za ta ji maganarki, ko in hana Nana tafiyar da za mu sake yi ranar Juma'a, ko yaushe za ki dawo.

Ki kira Inna, ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki Falmata