Ƙararrawa Uku a Bayan Tafki

Zuwa ga Yayana Umaru,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Ƙanenka Bashiru ne. Shekara biyu ke nan da rasuwarka ban rubuta komai a kanka ba. Yau zan rubuta a fili, inda kowa zai karanta, domin a fili na yi ƙaryar da nake son warwarewa.

Masu karatu ba su san tafiyarmu ba, bari in tuna maka su ma su ji. Kowace shekara idan an gama yankan shinkafa, ruwa ya ja baya, kakan rufe rumfarka ta gyaran keke a Badariya, ni kuma in ɗauki hutu a ofis, mu zagaye babban tafkin da kogin Rima ke bari a fadama. Kwana uku muke yi. Kwalta daga Gwadangaji zuwa Ambursa, daga nan jan burji, sai kunyoyin gonakin shinkafa waɗanda faɗinsu bai wuce taya ba. A Argungu mu loda kekunan a kwale-kwale mu ƙetare, mu dawo ta bayan tafki, inda rairayi da laka ke karɓa-karɓa, turawa ta fi hawa yawa.

Mutane suna cewa ba mu da aikin yi. Kai kuma ko a jikinka. Ka ɗaure famfo da kayan faci a kariya, gari da ƙuli-ƙuli a jaka, ka yi gaba kana fito.

Doka ɗaya ka kafa mana tun tafiyar farko: “Ƙararrawa ukku, a tsaya. Ko mi kaka yi, ka tsaya.” Idan taya ta sace, ko sarƙa ta zame, na baya ya kaɗa sau uku, na gaba ya jira. Amma kai da ka kafa dokar, kai ka fara wasa da ita. Duk lokacin da na yi sa'a na wuce ka, sai in ji ƙararrawa uku, in taka birki in waiwaya, sai ka shige ta gefena kana dariya har da girgiza sirdi. Shekara tara kana yi min haka, ni kuma kamar wawa ina tsayawa.

A tafiyarmu ta ƙarshe na lura ba ka da ƙarfi. A Ambursa ka sha ruwa fiye da yadda ka saba. A Argungu ka bar rabin kifinka. Na tambaye ka, ka ce tsufa ne, alhali shekarunka arba'in da shida. Sai daga baya matarka ta nuna min ƙwayoyin hawan jini da ka bari a ƙarƙashin filo, don kada in gani in fasa tafiyar.

Rana ta uku, da hantsi, a rairayin nan mai tsawo kafin giginyoyi, na wuce ka. Ban taɓa wuce ka a wurin ba. Raina ya yi fari, na duƙa na danna feda. Sai na ji ta: ɗaya, biyu, uku.

Na yi dariya, Yaya. Na ce a raina bana kam ba za ka same ni ba. Na sake jin ta, na ƙara gudu. Ban waiwaya ba ko sau ɗaya.

A mararrabar da muke hutawa na jingine keke, na jiƙa gari, na shirya irin tsiyar da zan yi maka. Na ci rabona na rufe naka. Sai da inuwa ta matso gindin bishiya sannan gabana ya faɗi. Da na koma, na tarar da kai kwance a gindin wata kanya, wani masunci ya lulluɓe maka fuska da rawaninsa. Kekenka na kwance a gefenka, ba abin da ya same shi, tayoyin cike da iska.

Da muka kawo ka gida, Inna ba ta yi kuka ba. Kai ne ɗan farinta, ko sunanka ba ta faɗi, “mai keke” take ce maka tun muna yara. Ta kira ni ɗaki bayan an dawo daga maƙabarta, tambaya ɗaya ta yi min: “Kana wurin? Ya yi kalma?” Na ce ina wurin, kanka a cinyata, ni na laƙƙana maka kalmar shahada, ka maimaita sau biyu. Ta ce alhamdu lillahi. Haka na riƙa faɗa wa masu ta'aziyya har kwana bakwai, labarin yana ƙara kyau a bakina, ana sa min albarka ina amsawa.

Tun daga ranar ban ji daɗin albarkar kowa ba. Ko yaro ne ya kaɗa ƙararrawa a layinmu, sai in toshe kunnuwana.

Bana na sake zagayen, ni kaɗai, a kan kekenka. Ba don nishaɗi ba. Masuncin nan nake nema, domin shi kaɗai ya san abin da na rantse na gani. Na yi fatan ya ce ka yi kalmar, ƙaryata ta zama gaskiya ko da rabi. Laka ta riƙe ni sau biyu, taya ta sace a kan kunya, na yi facin da ka koya min. A wani ƙauye bayan tafki na same shi yana gyaran raga. Ya gane keken kafin ya gane ni.

Ga abin da ya ce, ban ƙara ba ban rage ba: “Ina cikin ruwa naj ji ƙararrawa, ukku-ukku, ba ta tsayawa. Na aza yara na. Sai da nig gama jan homa sannan nit tahi. Na ishe shi kwance, hannunai bisa ƙararrawa, idonai bisa hanya. Bakinai na motsi, amma ban ji mi shika hwaɗi ba.”

Hanyar da na bi kake kallo, Yaya.

Juma'ar da ta wuce na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai. Tana tsintar shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba har na gama. Can ta ce, “Ya daɗe shina kiranka?” Na ce ya daɗe. Ta ajiye faifan a hankali, ta ce, “Umaru.” Ta sake cewa, “Umaruna.” Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Sannan ta yi kukan da ta riƙe shekara biyu, ni kuma na zauna nan ban isa in ba ta haƙuri ba. Har yau tana amsa gaisuwata, amma ba ta kallon fuskata.

Ban san abin da leɓɓanka ke faɗi ba. Ina roƙon Allah Ya sa kalmar ce, ba sunana ba.

Ya Allah, Ka gafarta wa Umaru, Ka yalwata kabarinsa, Ka karɓi abin da bakinsa ya motsa da shi a matsayin shahada. Ka sanyaya zuciyar Inna. Ni kuma Ka yafe min dariyar nan.

Na cire ƙararrawar daga kekenka, tana kan teburina. Yanzu na tsaya, Yaya, na kuma waiwaya.

Ƙanenka,
Bashiru
Gwadangaji, Birnin Kebbi